Gishirin da Aka Ɓoye a Rumfar Inna Laure

A Gwadangaji, idan ka ce wa mai keke-napep ya kai ka wurin masa, ba zai tambaye ka wace masa ba. Zai sauke ka gaban wata rumfar kwano mai bangon zana, a jikin wani gida mai koren ƙyaure. Babu allo, babu suna a rubuce. Benci huɗu ne, kowanne na ɗaukar mutum biyar, shida idan babu mai tumbi a cikinsu. Tanda biyu, kowace gurbi goma sha biyu. Tukunyar miya ɗaya, ƙatuwa. Kwanukan miya arba'in da takwas. Mai wannan duka ita ce Inna Laure.

A ranakun aiki cinikin na gaggawa ne: a zuba a leda, a miƙa, mutum ya haye babur yana hura yatsu. Asabar da Lahadi kuwa wani abu ne daban. Ma'aikata kan yi barcinsu su more, sai hantsi ya ɗaga su fito da jallabiya da silifa, wani da 'ya'ya biyu a gaban babur, wani da kula uku da uwargida ta ba shi. Ran Lahadi kuma, idan an taso daga coci, 'yan kasuwar da suka zo daga kudu suka zauna a garin kan cika benci guda da iyalansu. A 'yan shekarun nan an buɗe gidajen abinci masu ƙofar gilashi a cikin Birnin Kebbi, inda ake cin dankali da ƙwai a cikin sanyi, matasa na ɗaukar hoton faranti kafin su sa hannu. Inna Laure ba ta taɓa leƙa ko ɗaya ba, ba ta kuma ji a jikinta ba. Bencinta huɗu ba su taɓa yin sanyi ba.

'Yar Argungu ce, gidan masunta. Tun tana ƙarama ta san ƙamshin kifin da aka yi wa banda da kyau da wanda aka gaggauta. Aure ya kawo ta Birnin Kebbi, gidan Maliki, manomin shinkafa a fadamar Zauro. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar ta da 'ya'ya uku da buhu biyar na noman ƙarshe, ba ta sayar da buhunan ba. Ta sayi tanda ɗaya, ta jiƙa ɗanyar shinkafa, ta zauna a ƙofar gida. Kifin miya kuwa har yau daga Argungu yake zuwa: ƙanenta Hodi ke ɗoro mata kwando a mota kowane mako.

Miyar ita ce sunanta. Kabewa, yakuwa, gyaɗa, daddawa, busasshen kifi, gishiri. Ba ta sa magi. Ta ce wanda ya san kifi ba ya buƙatar wani abin da aka dunƙule a takarda. Saboda haka duk nauyin ɗanɗano a kan gishiri yake, gishirin kuma a kan harshenta: takan ɗiga miya a tafin hannu, ta lasa, ta ɗan yi shiru, sannan ta rufe tukunya.

Tana da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Ko wa zai wanke faranti da kofi, kwanukan miya ita ke wanke su da hannunta. Kafin ta tsoma kowanne a ruwa sai ta leƙa cikinsa. Mutum kan yaba abinci don kara, amma kwanon da ya bari ba ya yi wa kowa kara. Idan ya dawo a suɗe tas, miya ta yi. Idan ya dawo da saura, akwai magana. A ranar kirki, cikin arba'in da takwas ba ya wuce biyu su dawo da saura, su ma na yara ne.

Babban ɗanta Nasrullahi, malamin makarantar sakandare, ya daɗe yana roƙonta ta huta. Hayaƙi, tsugunno, zafin wuta, ga shekaru. Amsarta ɗaya ce kullum:

"Ran da miyata tab bar daɗi, ni da kaina zan kihe tukunya in koma Argungu wurin Hodi, in zauna bakin gulbi. Kahin nan, ku ƙyale ni."

Kowa ya san ba wasa take yi ba. Mace ce da ba ta mayar da magana.

Daminar bara jiri ya ɗebe ta a gaban tanda. A asibiti aka ce hawan jini ne. Likita ya ba ta magani, ya ce ta bar gishiri. To, Inna Laure ba ta san rabin abu ba. Wani zai rage, ita bari ta yi gaba ɗaya. Ta ware wata 'yar tukunya tata ita kaɗai, lami, ta yi ta ci tana ɓata fuska har ta daina ɓata fuskar. Jini ya sauka, jiri ya tafi, ta koma bakin aikinta da ƙarfinta.

Abin da likita bai gaya mata ba, ita ma ba ta sani ba, shi ne harshe yana sabo. Bayan 'yan watanni da cin lami, duk lokacin da ta ɗiga miyar babbar tukunya a tafin hannu sai ta ji gishiri ya yi mata yawa. Ta zargi mai sayar da gishirin, ta ce na bana ya fi ƙarfi. Da can tafi uku take zubawa. Ta koma biyu da rabi. Ta koma biyu. Kafin rani ya tsaya, ta dawo tafi ɗaya da ɗan abin da ya maƙale a yatsu, kuma a bakinta miyar ba ta taɓa yin daidai kamar haka ba.

Kwanuka suka fara faɗa mata. Wata Asabar goma sha ɗaya suka dawo da saura. Ta gaba goma sha tara. Ta duba kifi, lafiya lau. Ta sauya mai daddawa. Ta tsaya da kanta a kan niƙan gyaɗa. Gishiri kaɗai ne bai zo mata a rai ba, don shi ta ɗanɗana da bakinta.

Wa zai faɗa mata? A cikin gida akwai Hamida, matar Nasrullahi, wadda ke taya ta aiki a bayan zana: wankin shinkafa, yankan kabewa, hura wuta. Hamida ta sani tun farko. Amma yarinyar da ko ido ba ta haɗawa da surukarta, ta yaya za ta buɗe baki ta ce miyar da aka yi suna da ita tun kafin a haife ta ba ta ji gishiri ba? Sau ɗaya ta yi dabara. Inna ta shiga ɗaki, ta yi maza ta watsa rabin tafi a tukunya. Inna ta dawo, ta ɗiga, ta lasa, ta tsaya.

"Wa yat taɓa min tukunya?"

Hamida ta duƙar da kai tana ta hura wutar da ke ci da kanta. Inna ta ƙara ruwa da kabewa har miyar ta koma yadda take so. Daga ranar Hamida ba ta sake ba.

A waje kuwa, kowane benci da mutanensa. Na farko na dattawa ne, shugabansu Malam Muhyiddeen, wan marigayi Maliki, mai karantar da littattafai a zaurensa. Na biyu na ma'aikata. Na uku na masu keke-napep da manoman Zauro. Na huɗu na Ignatius ne da abokansa. Ignatius na sayar da injin ban-ruwa a kasuwa, ya fi shekara ashirin a garin, Hausarsa har da karin Kabi. Inna Laure ba ta kiransa da suna, Baban Kachi take ce masa, da sunan 'yarsa ta fari.

Duk waɗannan mutane sun ji maganar komawa Argungu da kunnensu. Babu wanda yake so ya zama shi ne ya kife tukunyar.

Malam ne ya fara. Wata safiya Ignatius ya hango shi ya sa hannu a aljihun gaba, ya fito da shi a dunƙule, ya yi kamar yana gyara zaman kwano. Ignatius ya matso da nasa kwanon, ya yi ƙasa da murya.

"Allah shi gafarta Malam, addu'ar nan da kat tofa, a sam min kaɗan."

Malam ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya miƙa masa ɗan ƙullin gishiri ta ƙarƙashin benci.

Cikin ɗan lokaci sirrin ya zagaya benci huɗu. Da yake mutum kan manta ya fito da shi daga gida, kowane benci ya yi wa kansa ma'aji. Dattawa suka naɗe nasu a takarda, suka ɗaure da baƙin zare, suka cusa a saman zana. Ma'aikata suka ƙulla a farar leda suka soke a bayan ginshiƙi. Masu keke-napep a tsumma. Ignatius a ƙaramar kwalbar magani. Da yake bencin huɗu a kusurwa huɗu suke, ma'ajin ma a kusurwa huɗu ya kasance. Idan Inna ta juya baya tana juya masa, sai hannuwa su yi sama kamar ana miƙa.

Kwanukan tsofaffin abokan ciniki suka koma dawowa a suɗe, hankalin Inna ya ɗan kwanta. Amma lissafi bai cika ba. Baƙo ba ya cikin sirri. Zai zo sau ɗaya saboda suna, ya bar rabin miya, ran Asabar ta gaba sai a gan shi tsallaken titi. Can wata matashiya mai suna Mansura ta buɗe shago mai fanka da kujerun roba, tana sayar da masa da shayi da wainar ƙwai. Kulolin da ake aikowa daga gidaje, da sukan kai talatin ran Lahadi, suka koma goma sha biyu. Da can tiya takwas na shinkafa kan ƙare kafin rana ta take tsaka. Yanzu ƙullu na kwana.

Inna ta kasa gane kan abin. Masu zama suna suɗe kwano, to me ke korar sauran?

Ran wata Alhamis, bayan an watse, ta ɗauki doguwar tsintsiya tana kakkaɓe yanar gizo a saman rumfa. Wani abu ya faɗo gabanta. Takarda ce a naɗe, ɗaure da baƙin zare, gefenta ya ɗan yage, wani farin gari na zubowa. Ta ja da baya. Ta yi a'uziyya. Sannan, da yake ita mai bin abu ce har ƙarshe, ta bi sauran kusurwoyin da bakin tsintsiya. Leda. Tsumma. Kwalba. Huɗu, kusurwa huɗu, kowanne da farin gari.

Ta zauna a kan turmi. Yanzu ta gane. An ɗaure mata rumfa.

Ba ta taɓa su da hannu ba. Da tsinke biyu ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ta zuba a tsohon gwangwanin madara. Hamida ta fito da bokiti, ta leƙa gwangwanin, ta gane kwalbar Baban Kachi nan take.

"Inna, ƙila ba wani abu ba na."

"Ke yarinya ta, ba ki san duniya ba. Kusurwa huɗu? Wanda yay yi wanga aiki ya san abin da shikai."

Tunaninta bai yi nisa ba ya tsallaka titi. Ai lokacin da take kwance Mansura ta zo dubiya, har ta zauna a rumfar tana jiran a yi mata iso. Da la'asar Mansura ta ɗago hannu daga ƙofar shagonta ta ce, "Inna, ina wuni?" Inna Laure, wadda gaisuwarta kan kai sai an gaji, ta ce "Lahiya" ta shige gida.

Washegari Juma'a, bayan ta sallami masu saye ta jiƙa shinkafar Asabar, ta yafa mayafi, ta naɗe gwangwanin a leda biyu, ta nufi gidan Malam Muhyiddeen. Ta same shi a zaure a kan buzu, ɗalibai sun tashi. Ta durƙusa daga gefe, aka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi jiki.

"Malam, abin da yak kawo ni ba na daɗi ba na. An yi min aiki a rumhwa."

"Wane irin aiki, Laure?"

Ta kwance ledar, ta tura gwangwanin gabansa da bakin takalmi. Malam ya gyara tabarau ya leƙa. Abu na farko da ya gani shi ne takardarsa da baƙin zarensa, wanda ya tsinko daga bakin tsohuwar hularsa. Ya cire tabarau ɗin. Ya mayar. Ya yi gyaran murya.

"Kina zaton wani?"

"Ban so in kama suna. Amma tun da yarinyar can ta tsallake tab buɗe shago, kulolina sunka koma goma sha biyu."

Nan ne Malam ya ga an zo inda kara ba za ta yi ba. Shiru a kan miya abu ne mai sauƙi. Shiru a bar mace ta ɗauki zunubin zato a kan maƙwabciyarta, a gabansa, a zaurensa, wannan kuma ba zai iya ba. Ya sa hannu cikin gwangwanin.

"Malam, kar ka taɓa."

Ya kwance zaren, ya dangwali garin da yatsa, ya kai baki. Inna ta dafe ƙirji.

"Gishiri na, Laure. Kuma ni nid ɗaure shi. Wagga kwalba ta Baban Kachi ta. Ledar ta mutanen sakatariya ta. Tsumman ban san ko na wa na ba, amma na san bencin."

Ta dube shi, ba ta gane ba tukuna. Sai ya faɗa mata, a hankali, yana kallon buzu. Tun bayan ciwonta miyar ta fara komawa baya. Kifi na nan, daddawa na nan, komai na nan, gishiri ne babu. Ya ce ya tambayi wani likita da ke ɗaukar karatu a wurinsa, ya ce haka abin yake, wanda ya daɗe bai ci gishiri ba kaɗan ma yawa yake yi masa.

Inna Laure ta kafa wa gwangwanin ido. Da asiri ne, da ta san abin yi: a yi addu'a, a yi sadaka, a ci gaba. Wannan kuwa a cikin bakinta yake.

"Ku duka kun sani?"

"Mun sani."

"Har masu keke?"

"Su sunka hi kowa zubawa."

"Ashe kwanukan da nike wankewa ina murna, ƙarya kunka koya musu." Muryarta ba ta tashi ba. "Mutum ashirin, da gemunku, a rasa mai ce min Laure ƙara gishiri?"

"Ke kic ce ran da miya tab bar daɗi za ki koma Argungu. Wa kike so shi ɗauki wanga alhaki? Ni in kin tahi ina zan karya ran Asabar, wurin masu ɗaukar hoton faranti?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki gwangwaninta, da hannu wannan karon, ta yi sallama.

Ba ta wuce gida kai tsaye ba. Ta tsallaka titi ta tsaya a ƙofar Mansura, ta gaishe ta gaisuwa mai tsawo, ta tambayi mahaifiyarta, ta tambayi ciniki, ta sa mata albarka. Mansura ta rasa dalilin, ta yi ta amsawa tana murmushi. Sannan Inna ta shiga gida, ta kira Nasrullahi da Hamida.

"Na hwaɗi magana, kuma lokacinta ya yi. A kira min Hodi a waya."

Nasrullahi, wanda ya yi shekaru yana roƙon wannan rana, ya ga fuskar mahaifiyarsa sai ya ji ba ya so. Ya fara cewa, "Inna, ai ba a yanke..." ta ɗaga masa hannu.

Matsala ɗaya ce. Tiya takwas na shinkafa na cikin ruwa tun safe, kwandon kifi ya iso jiya, kabewa uku na jingine a bango. Inna Laure za ta iya barin sana'a, amma ba za ta iya kallon abinci ya lalace ba.

"Gobe ke za ki yi," ta ce wa Hamida. "Ki sallami mutane. Ni ba ruwana."

Da gari ya waye ran Asabar, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, nesa da murhu, ta ɗauki carbi, ta juya wa tukunya baya. Hamida ta ɗora ruwa.

Ba a daɗe ba Inna ta ce, ba tare da ta waiwaya ba, "Wutar ta yi yawa. Janye itace guda."

Hamida ta janye.

Can kuma: "Daddawa kika sa yanzu? Kabewa ba ta narke ba. Ina jin ƙamshinta ɗanye."

"To, Inna."

Aka zuba ƙullun farko a tanda. Inna ta karkata kunne. Masa idan ta sami tanda daidai wani ɗan kuka take yi, siriri. Wannan kuwa cuwa take.

"Mai ya yi yawa a gurbi. Tsoma tsumman ki matse kahin ki shahwa."

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta ji Hamida na ɓare kifi, ta ji daga ƙarar cewa da ƙaya take zubawa. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Sai ga ta a kan kujerarta 'yar tsugunno, ta karɓe kwandon, yatsunta na zare ƙaya kamar suna da ido.

Daga bayan zana aka yi sallama. Muryar Ignatius ce, ya biyo kafin ya buɗe shago.

"Mama, an ce kin kama mu."

"Baban Kachi, kai ma? Kai da nike ce ma ba ka da kunya, ko bature ka hwaɗa ma gaskiya?"

"Mama, shekara ashirin ina cin masarki, kunyar ta shige ni. Laihinki na."

"Kwalbarka na nan, ka zo ka ɗauki abarka."

"Ki riƙe ta. Ni dai in za ki Argungu ki hwaɗa min unguwar, in san inda zan kai su Kachi ran Lahadi. Mota ɗaya ta ishe mu, Malam a gaba."

Wani daga bencin masu keke ya ce shi zai ɗauki sauran kyauta. Aka yi dariya a waje. Inna kuwa ta jawo muciya.

Ta juya miyar. Ta duba kaurinta a jikin muciya, daidai. Ta shaƙi tururin, daddawa ta nuna, kifi ya saki jikinsa. Ta tsaya tana lissafi kamar yadda ta saba lissafa komai. Hanci na nan. Kunne na nan. Ido da hannu na nan. Cikin biyar, ɗaya ne ya tafi. Wanda ya rasa ma'aikaci ɗaya cikin biyar ba ya rufe shago, wani yake ɗauka.

Ta ɗebi gishiri tafi ɗaya ta zuba, ta juya, ta ɗebo miyar a ludayi. Hannunta ya saba, har ya nufi tafinta. Ta tsayar da shi. Ta juya ta miƙa wa Hamida.

"Buɗe hannunki."

Hamida ta dubi ludayin kamar wuta aka miƙo mata. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin wani ya ɗanɗana wannan tukunya ba, ko Nasrullahi. Ta buɗe tafi. Inna ta ɗiga. Ta lasa.

"To?"

Hamida ta dubi ƙasa. "Ta yi daɗi, Inna."

"Ban tambaye ki daɗi ba. In ƙarya nike so, ga benci huɗu can cike. Ta ji ko ba ta ji ba?"

Masa na kuka a tanda. Sannan Hamida ta ce, da wata murya da sai an kasa kunne:

"A ɗan ƙara."

Inna ta ƙara tafi guda, ta juya, ta ɗiga mata.

"A ɗan ƙara, Inna."

"Har yanzu?"

Hamida ta gyaɗa kai, idonta ya ciko da hawaye, ita kanta ba ta san na mene ne ba. Inna ta ƙara rabi. Aka sake. Ta ƙara sauran rabin tana girgiza kai. A karo na huɗu Hamida ta lasa, ta ɗan yi shiru, ta ce, "Ta yi."

Inna ta ɗiga a nata tafin don ta ji. Ta yamutsa fuska, ta nemi ruwa ta kurkure baki. A harshenta wannan ba miya ba ce, gishiri ne aka jiƙa. Duk jikinta na ce mata ta ƙara ruwa, ta ƙara kabewa, ta ceci tukunyarta. Ta dubi yarinyar da ke durƙushe gabanta. Ta ɗauki murfi ta rufe.

"Zuba ma Malam tukuna. In ya mutu, ke kika kashe shi."

Hamida ta yi dariya ta rufe baki da gefen mayafi, karo na farko da ta yi dariya a gaban surukarta. Nasrullahi, wanda ke tsaye a ƙofar ɗaki da waya a hannu, ya tambaya ko har yanzu a kira Kawu Hodi.

"Kira shi. Ka ce kifin wancan mako ƙanana sun yi yawa, shi duba min na gaba."

Ta zauna gaban tanda ta karɓi tsinken juyi. Gurbi ashirin da huɗu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace masa na juyowa ja a gefe, fara a tsakiya. Hamida ta dawo ta tsuguna kusa da ita tana jera faranti.

"Tun da bakinki ya buɗe," in ji Inna, idonta na kan tanda, "sai ki hwaɗa min. Akwai sauran abin da kuke ɓoye min a gidan ga?"

Hamida ta jera faranti uku kafin ta amsa.

"Inna, kunun gyaɗar ma... tun da kika bar shan sukari..."

Inna Laure ta ɗaga tsinken juyi ta nuna ta da shi.

"Ɗaya-ɗaya, 'yar nan. Yau gishiri. Kunu shi jira gobe."